Kwana talatin da suka zo a daƙiƙa ɗaya

Jiya na kwana ina tunanin abin da ya same ni a wata ƴar manhaja da na rubuta wa yayana. Yana sayar da hatsi, yana kuma ba da bashi, sai ya ce yana son saƙon tuni ya riƙa zuwa wa mai bashi bayan kwana 30.

Na ɗauko setTimeout, wani umarni a JavaScript (yaren rubuta manhaja), wanda ke jinkirta aiki zuwa lokacin da ka ɗiba masa. Da milisakan yake lissafi, 1000 daƙiƙa ɗaya ke nan. Kwana 30 ya kama 2,592,000,000. Na saka, na kunna.

Ko shayin gabana ban kurɓa ba wayar Yaya ta shigo. Wani dattijo da ya karɓi buhun gero da safe har ya samu saƙon ya biya. Wallahi na ji nauyin bawan Allahn nan, don bai cancanci haka ba.

Ashe setTimeout yana da iyaka: milisakan 2,147,483,647, wato kwana 24 da kusan sa'o'i 21. Ka wuce nan, a Node.js, manhajar da ke gudanar da JavaScript, aikin zai tashi nan take. Kuma ko ba wannan, agogon yana zaune ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Aka ɗauke wuta ta mutu, ya manta komai.

Yanzu ranar biya nake ajiyewa a rumbun bayanai, manhajar tana leƙawa duk bayan minti goma. Dattijon kuwa, da ƙafata na je na ba shi haƙuri.