Hannun hagu da tagulla: abin da busa ta yi wa fatata

Shekara 11 ke nan ina busa turamfet, wato kakakin nan na zamani mai bawul uku (maɓallan da ake dannawa don sauya sauti) da ake gani a hannun 'yan badujala, kuma a tsawon wannan lokaci duk kulawar da aka koya mini in yi wa jikina ta tsaya ne a kan leɓe da numfashi. Malamin da ya koya mini busa ya sha ja mini kunne kada in danna bakin kakakin a leɓena fiye da kima, amma bai taɓa ce mini komai game da hannu ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Alhali hannun hagu ne yake rungume da ƙarfen tun daga farkon atisaye har ƙarshensa, yana ɗauke da nauyin da ya ɗan haura kilo 1, yana gumi, tafinsa da yatsunsa manne da gidan bawul na sa'a biyu ko uku.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne koren launin da na riƙa gani a tafin hannuna bayan kowace busa. Tagullar da aka fi ƙera waɗannan kayan busa da ita gauraye ce ta jan ƙarfe kimanin kashi 70 cikin 100 da zinki kimanin kashi 30, kuma masu ƙira suna rufe ta da wani siririn fenti garai-garai, ko su yi mata ruwan azurfa, don kada ta dushe. Gumi yana da gishiri da ɗan tsami, saboda haka a hankali yake cinye fentin daidai inda hannu yake zama, har tsiraicin ƙarfen ya fito. Idan gumi ya haɗu da jan ƙarfen sai ya haifar da wannan kore, wanda masu busa ƙahon Faransa, wani naɗaɗɗen kayan busa na tagulla, suka sani sosai, tunda hannunsu na dama a cikin faffaɗan bakin ƙahon da sauti yake fita yake wuni. Wata da watanni na yi ina fargabar wannan launi, ina dirje hannuna da sabulu kamar zan ɗaye fatar, ashe tabo ne kawai da ruwa da sabulu suke fitarwa ba tare da ya bar wata illa ba. Haka ma kantar da ta fito mini a gindin babban yatsa da gefen ɗan manuni, wadda fata ce ta yi kauri don ta jure gugar ƙarfe, kuma duk mai riƙe kayan aiki kullum ya san irinta.

Ainihin ciwon a ɓoye ya zo. Ƙaiƙayi ne ya fara a gefen yatsun hagu, sannan wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito can cikin fata, waɗanda yatsa yake jin su kafin ido ya gan su. Bayan kwanaki sai su bushe, fatar ta saɓe, wurin ya yi kaushi ya tsage a kan gaɓɓan yatsu, har wani lokaci in ga jini a jikin kyallen da nake goge kakakin da shi. Abin da ya ɓatar da ni shi ne lokacin da abin yake tashi. Doguwar busarmu ranar Asabar muke yinta, hannun kuma yakan kwana lafiya, sai ranar Litinin ko Talata ya kama ci kamar wuta, a daidai lokacin da kakakin yake rufe cikin akwatinsa. Don haka na zargi sabulu, na zargi sanyi, na kuma ɗauka makero ne na yi ta shafa maganinsa na makonni ba tare da wani sauƙi ba. Mafi muni, na ƙara yawan wanke hannu, wanda ya ƙara busar da fatar da ta riga ta tsage.

Sai da na kai wata takwas a haka kafin na je wurin likitar fata, kuma har yau ina nadamar wannan jinkiri. Ta daɗe tana juya hannuwana biyu tana kwatanta su, sannan ta ce, "Malam, me kake riƙewa da wannan hannun wanda ba ka riƙewa da ɗayan?" Ta nuna mini cewa ƙurajen sun bi wani tsari: cikin babban yatsan hagu, zagayen yatsan da ke shiga zoben kakakin, sai kuma wani ɗan wuri guda a ƙaramin yatsan dama, daidai inda ƙugiyar kakakin take. Ta tambaye ni ko agogon ƙarfe ko kan bel ya taɓa sa ni ƙaiƙayi, sai na tuna cewa na daina ɗaura wani agogo shekaru da suka wuce saboda jan da yake bari a wuyan hannuna. Ta sa aka yi mini gwajin manne, inda ake liƙa wa mutum ƙananan faifai a baya, kowanne ɗauke da ɗigon wani sinadari, a bar su sa'a 48 ba tare da ruwa ya taɓa su ba, a cire a duba, sannan a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wuri ɗaya ne ya kumbura ya yi ja, shi ne na nikel, wani farin ƙarfe.

Na yi mamaki ƙwarai, domin a sanina tagulla ba ta da nikel, kuma haka ne. Sai dai kakakin ba tagulla zalla ba ne. Waɗannan sassa masu farin launi da na daɗe ina ɗauka azurfa ce, kamar ƙugiyar yatsa da zobba da bututan da ake zarewa da saman gidan bawul a kakaki da yawa, ana yin su ne da wani gauraye da ake kira azurfar Jamus, wanda ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa, jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Su kuma sandunan bawul, da yawansu da ƙarfen Monel ake yi, wanda kusan kashi biyu bisa uku nasa nikel ne, kuma nakan riƙe su da yatsu tsirara duk lokacin da zan ɗiga musu mai. Gumi yana narkar da ɗan abin da ido ba ya gani daga ƙarfen, ya ratsa fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, ta kuma riƙe shi a ƙwaƙwalwarta. Daga nan duk lokacin da suka sake haɗuwa sai ta kai farmaki, amma farmakin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana, wanda shi ne sirrin Litinin da Talatar da suka ruɗe ni. Nikel shi ne ƙarfen da ya fi kowane ƙarfe jawo wa mutane irin wannan rashin jituwa, har Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 da ta ƙayyade cewa kayan da ke daɗewa manne da fata, irin su agogo da sarƙa, kada su fitar da fiye da rabin maikurogiram (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) na nikel daga kowace murabba'in santimita a mako. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna ƙanƙantar abin da yake iya ta da fata. Likitar ta kuma gaya mini gaskiyar da ban so ji ba, cewa idan jiki ya riga ya koyi ƙin nikel, yawanci ba ya mantawa har ƙarshen rayuwa.

Akwai wani ɓangaren ciwon da ba ruwansa da garkuwar jiki, shi ne cin fata da sinadarai suke yi kai tsaye. Man bawul na gargajiya daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma yana narkar da maiƙon da fata take kare kanta da shi. Man goge ƙarfe ya fi shi kaifi. Wasu nau'o'in giris na bututu kuma suna ɗauke da maiƙon ulun tumaki, wanda shi ma wasu jikinsu ba ya jituwa da shi. Fatar da waɗannan suka busar ta tsage, ita ce ƙofar da nikel yake samun sauƙin shiga, don haka matsalolin biyu suna ciyar da juna.

Kuskuren da na yi bayan gwajin shi ne na sayi rigar jemammiyar fata da ake ɗaura wa gidan bawul, wadda mabusa da yawa suke ba da shawararta. Ni ban ga amfaninta ba. Tana shan gumi ta riƙe shi a jikin ƙarfen, ba ta wankuwa, kuma yawancin fatun da ake sayarwa da sinadarin kuromiyam ake jeme su, wanda shi ma sananne ne wajen ta da ƙurajen hannu. Ga wanda fatarsa take lafiya wataƙila ta wadatar, amma ga mai ciwo irin nawa yadin auduga da za a iya cirewa a wanke kullum ya fi ta nesa ba kusa ba.

Abin da ya warkar da hannun ya fara ne da ajiye busa na mako uku, tare da man sitiroyid da likitar ta rubuta mini na ɗan gajeren lokaci, bayan ta gargaɗe ni cewa daɗewa ana shafa shi yana sirantar da fata. Na koma shafa Vaseline bayan kowane wankin hannu da kuma kafin barci. Na samo wani ruwan gwaji da ake ɗigawa a tsinken auduga a goga a jikin ƙarfe, wanda yake rikiɗa zuwa ruwan hoda idan ƙarfen yana fitar da nikel, na bi kakakin da shi sashe-sashe har na san wuraren da suke cutar da ni. Kafin in samu damar kai shi gyara na rufe wuraren da fentin farce marar launi, wanda ba ya wuce 'yan makonni, daga baya mai gyara ya sake yi musu fenti mai kyau. Yanzu ba na taɓa sandunan bawul ko man goge ƙarfe sai da safar hannu ta roba, kuma ba na mayar da kakakin akwati sai na goge gumin da ke jikinsa da busasshen kyalle.

Hannun ya koma daidai cikin wata biyu, in ban da kantar da ba ta taɓa damuna ba. Sai dai fenti yana ci gaba da cinyewa muddin ana busa, shi ya sa duk bayan wata biyu nake sake bin ƙarfen da tsinken auduga. A makon jiya ƙugiyar ƙaramin yatsa ta sake ba da ruwan hoda, tun kafin yatsan ya fara ƙaiƙayi, kuma yanzu haka kakakin yana wurin mai gyara.