Faifan harajin 1909: abin da aiki da tsohuwar murya ya koya mini

A shekarar 1909 ministocin Birtaniya uku suka tsaya gaban na'urar kamfanin Gramophone, kowa ya yi gajeren jawabi a kan kasafin kuɗin shekarar. Su ne Firayim Minista Herbert Asquith, da ministan kuɗi David Lloyd George, da Winston Churchill, wanda a lokacin yake riƙe da ma'aikatar ciniki yana ɗan shekara talatin da huɗu, kuma yana jam'iyyar Liberal. Fayafayen garmaho ne, suna nan har yau a ɗakunan adana sauti da hannun masu tara kayan tarihi, kuma kwafinsu na yawo a intanet. Duk mai aikin kwafe tsofaffin fayafai ko mai shirya tarihi a rediyo zai ƙaru da su, domin kusan duk tarkon da ke cikin wannan sana'a akwai shi a nan.

Abu na farko da na koya shi ne a daina kiran faifan Lloyd George da sunan jawabin kasafin kuɗi na majalisa. Wancan jawabin ya gabatar da shi ranar 29 ga Afrilu 1909, ya shafe sama da awa huɗu yana yi, kuma babu wata na'ura a zauren. Majalisar Birtaniya ba ta yarda a riƙa watsa muryoyin zamanta a kai a kai ba sai 1978. Faifan wancan zamani kuwa minti uku yake ci idan mai inci 10 ne, mai inci 12 ya kai huɗu da 'yan kai. Abin da ke kansa rubutu ne da aka yanka daidai tsawon faifai, aka karanta a ɗaki ba taro ba tafi, don yaƙin neman goyon baya. Masu adawa sun kafa ƙungiyar yaƙi da kasafin, 'yan Liberal su ma suka kafa tasu ta kare shi, Churchill na shugabanta. Faifan kayan kamfe ne, yadda za a kunna wa jama'a a garin da minista ba zai samu zuwa ba.

Yadda aka ɗauki muryar shi ne ke bayyana yadda take fita. Kafin 1925 babu makirufo a wannan aiki, babu lantarki. Mutum zai kara bakinsa kusa da wani babban mazurari na ƙarfe, iskar maganarsa ta bi ta ciki ta girgiza wani siririn faranti, farantin ya motsa allura, allurar ta riƙa yanka tsaga a kan kakin da ke juyawa. Ƙarfin huhun mai magana kaɗai ke yin yankan. Na'urar tana kama amo ne daga wajen Hz 250 zuwa 2,500 (Hz shi ne ma'aunin kaurin amo ko kaifinsa), abin da ya fi haka kauri ko kaifi ya tafi ke nan. Shi ya sa harufa irin su s da f suke dusashewa, kaurin ƙirji ya ɓace, murya ta fito kamar ta hanci. Mai magana kuma dole ya ɗaga murya, ya rarrabe kalmomi, kada ya juya kai, kada ya sassauta a ƙarshen jimla. Lloyd George mutum ne da aka sani da wasa da murya a gaban taro, ya yi ƙasa da ita ya ɗaga, ya jira dariya. Mazurari ba ya ɗaukar wannan. Wanda ya ji faifan ya ce ashe haka mutumin yake magana a sandare, na'urar ya yi wa hukunci. Haka batun Churchill: an san yana da 'yar matsala wajen furta s, amma faifan da s ɗin kowa ke lalacewa a kai ba shaida ba ne a kan wannan.

Kafin allura ta taɓa faifai, a karanta jikinsa. Lamba biyu ce. Wadda ke kan takardar tsakiya ta kasuwa ce, tana sauyawa idan an sake bugawa. Wadda aka zana a filin da ke tsakanin ƙarshen tsaga da takardar ita ce ta asalin kakin, ita ake kaiwa kundin kamfani a gano ranar ɗauka da kuma ɗauka ta nawa ce. A wannan fili ne kuma ake gane faifan da aka buga daga ƙarfen asali da wanda aka kwafo daga wani faifan daga baya, domin na biyun yakan zo da sabuwar lamba, ga ƙarar fayafai biyu a haɗe. Wannan bincike ba ɓata lokaci ba ne. Akwai muryoyi da dama da ake jingina wa William Gladstone, tsohon Firayim Ministan Birtaniya, tun daga ɗaukar da wakilan Thomas Edison, Ba'amurken da ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya, suka yi masa a 1888, alhali wasunsu masu kwaikwayo ne suka yi. Shi kansa Churchill, da yawa daga jawabansa na majalisa na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ake kunnawa yau, bayan yaƙin ya sake karanta su, a 1949.

Wanki abu ne mai sauƙi da ke kashe faifai. Waɗannan fayafai da shalak aka yi su, wani irin ƙaro da ake samu daga ƙwaro a Indiya, a gauraya da garin dutse. Sifirit yana narkar da shi nan take, don haka ruwan goge fayafan roba na zamani ba ya zuwa kusa. Tataccen ruwa, ɗigon sabulun ruwa marar turare, burushi mai laushi a bi da shi yadda tsagar ta zagaya, a ɗauraye, a tsane, kada takardar tsakiya ta jiƙe, a bar shi ya bushe sarai kafin a kunna. Idan akwai tsagewa, a fara kwafewa tukuna. Kuma kada a ɗora shi a tsohon garmaho don jin daɗin zamanin da: kan garmaho yana da nauyin da ya haura giram ɗari, allurar ƙarfe kuma cin bangon tsaga take yi. Tsagar da ta koma toka-toka alamar an riga an yi mata wannan ɓarna ce.

Allurar fayafan roba faɗin bakinta kamar mil 0.7 ne, mil ɗaya kuwa kashi ɗaya ne idan aka kasa inci gida dubu. Tsagar shalak ta fi ta faɗi nesa ba kusa ba, sai allurar ta nutse ƙasa inda datti da ƙura suke, abin da za a ji shuu ne kawai da murya can nesa. Ana farawa da mai mil 2.5 ko 3, a gwada har 3.5 ko 4, da nauyin giram 3 zuwa 5. Dalilin gwaji shi ne allurar ƙarfe ta cinye bangon a wani tsayi, ana neman bakin da zai zauna sama ko ƙasa da wurin, inda bango yake da sauran lafiya. Mai yankakken baki, wadda ba ta taɓa gindin tsaga, ta fi yawan dacewa. Fayafan Gramophone gefe da gefe allura ke rawa a cikinsu, na kamfanonin Edison da Pathé na lokacin sama da ƙasa. Idan aka haɗa wayoyin kan allura ta hanyar da ba ta dace ba, murya ce za ta soke kanta ƙara ta rage. A kuma daidaita faifan a tsakiya sosai, domin ramin da ya kauce yana sa murya lilo sau ɗaya a kowane juyi, wato fiye da sau ɗaya a daƙiƙa.

Gudu shi ne inda na fi ganin ana yanke hukunci da ka. Ana ce musu fayafan 78, amma a 1909 juyi 78 a minti bai zama doka ba. Nauyi ne mai saukowa a hankali ke juya na'urar yanka, mai aiki ya saita yadda ya saba, sai a samu faifai ya faɗo ko'ina daga wajen 70 zuwa 80 da ɗoriya. A ce an yanka jawabin minti huɗu a juyi 75, aka kunna a 78. Ya ƙara sauri da kashi 4 cikin ɗari, ya gajarce da kusan daƙiƙa tara, murya ta sirance. Kunne ba zai ce an yi kuskure ba, sai dai ya ce mutumin yana da garaje. A sauke ƙasa da kima kuma, ɗan shekara talatin da huɗu ya koma dattijo mai jan magana, kuma ga Churchill wannan jarabawa ce ta gaske, domin kowa muryar tsufansa ya sani, hannu yakan so ya karkata can. Da kiɗa ne, da an auna da amon kayan kiɗan. Da ɗaukar lantarki ce, wani lokaci gurnanin wutar da ya shiga faifan yakan nuna gudun. Nan babu ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne a nemi fayafan kiɗa masu lambar kaki kusa da tasa, waɗanda mai ɗauka guda ya yanka a kwanakin, a ga gudun da suka zauna a kai, a fara daga nan. Duk gudun da aka zaɓa a rubuta shi a takardar aiki tare da dalili.

Wajen shigarwa kwamfuta, kwafin ajiya ana yinsa a kHz 96 da bit 24 (ma'aunan ingancin ɗaukar sauti), fayil ɗin WAV, wato na sauti da ba a matse ba, ba tare da an taɓa komai ba. Yawancin amfilifaya na faifai suna da gyaran amo na RIAA (ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka) a ciki, wanda aka tsayar a 1954 don fayafan roba. Idan ya hau kan faifan 1909 sai ya kumbura gurnanin ƙasa ya danne ɗan kaifin da ya rage, don haka a kashe shi. Gyara a kan kwafi na biyu ake yi, kuma bi da bi: a fara cire ƙas-ƙas, manyan da hannu, sannan a rage gurnanin da ke ƙasa da inda murya ta fara, sannan in ya zama dole a taɓa shuu kaɗan. Wanda ya fara da rage shuu ya shafe gefen ƙas-ƙas ɗin, manhaja ba za ta ƙara gane su ba. Wanda kuma ya matsa wa shuu lamba zai samu shiru mai tsabta da murya mai ɓulɓuli kamar daga cikin randa, ragowar s da t sun bi ƙarar sun tafi. A ganina gara a bar wa mai sauraro shuu ɗinsa, kunne yana sabawa da shi cikin daƙiƙu kaɗan.

Rubuta abin da aka ji ma yana da ƙa'ida. A saurara a rubuta tukuna, inda ba a ji ba a bar gurbi, sai daga baya a ɗauko rubutun da jaridu ko takardun jam'iyya suka buga. Wanda ya fara karantawa zai ji abin da ya karanta ko da ba shi aka faɗa ba.

Alkaluman harajin kuwa daga takarda ake ɗauko su, domin minti huɗu na kamfe ba wurin lissafi ba ne. Gwamnati na neman cike giɓin kusan fam miliyan 16, saboda manyan jiragen ruwan yaƙi da ake ƙerawa ana tsere da Jamus, da fanshon tsofaffi da aka fara biya a Janairun 1909, sule biyar a mako ga wanda ya kai saba'in. Fam sule ashirin ne, kwabo 240. Harajin kuɗin da ba na gumi ba, irin na haya da hannun jari, ya tashi daga sule ɗaya zuwa sule da kwabo biyu a kowane fam, bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Mai albashin da bai wuce fam 2,000 ba aka bar shi a kan nai, wato kwabo tara a fam. Sabon harajin manya sisi ne, wato kwabo shida, a fam, ga wanda samunsa ya haura fam 5,000, amma a kan abin da ya ɗara 3,000 ake lissafawa. Nan masu fassara ke tuntuɓe. Mai samun fam 6,000 zai biya sisi sau 3,000, wato fam 75, mai 4,900 kuwa ko kwabo ba ya biya a wannan babi. Man fetur aka sa masa taro, wato kwabo uku, a galan. Mayar da waɗannan kuɗaɗe naira ta yau ba ya haska komai, gara a ajiye su kusa da sule biyar ɗin tsoho, mai sauraro ya auna da kansa.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne ƙasa: fam ɗaya cikin biyar na ƙarin darajar da fili ya yi ba da aikin mai shi ba, a karɓa idan an sayar ko an gada, da rabin kwabo a fam kowace shekara a kan filin da aka bari ba a gina ba. Kuɗin da wannan zai kawo kaɗan ne, amma sai an auna darajar kowane fili a ƙasar, kuma manyan masu filaye su ne ke zaune a majalisar masu sarauta, wato majalisar sama ta Birtaniya. Tunanin Henry George, Ba'amurken da ya yi kiran a ɗora haraji a kan darajar ƙasa, yana bayan wannan, kuma guguwar ta taɓa Arewacin Nijeriya: Josiah Wedgwood, ɗan majalisa mai wannan ra'ayi, yana cikin kwamitin filayen Arewa na 1908, wanda rahotonsa ya haifi dokar filaye ta 1910.

Ranar 30 ga Nuwamba 1909 majalisar masu sarauta ta yi watsi da kasafin da ƙuri'a 350 a kan 75. Aka yi zaɓe a Janairun 1910, kasafin ya zama doka a Afrilu, sannan dokar 1911 ta ƙwace wa majalisar ikon hana dokar kuɗi wucewa. Harajin filayen bai tara abin kirki ba, aka soke shi a 1920. Mai magana a faifan bai san ko ɗaya daga wannan ba, don haka mai gabatarwa a rediyo ya faɗi shekarar ɗauka kafin ya kunna, ya faɗi cewa karatu ne a ɗaki don kamfe, ya ajiye labarin abin da ya biyo baya sai murya ta ƙare. A katin ajiya kuma a rubuta lambar kaki, da girman allura, da gudun da aka zaɓa, da duk gyaran da aka yi wa kwafi na biyu. Faifan kansa a sa shi a sabuwar rigar takarda marar asid, a jera shi a tsaye da masu girmansa, nesa da zafi da laima.