Yadda muka tada cikin birnin Kano a kwamfuta daga hoton tauraron ɗan adam

Masu tambayata wai ko Google Earth na buɗe na kwafo gidajen, a'a wallahi ba haka abin yake ba. Abin da muka yi shi ne tada unguwannin da ke tsakanin Dala da kasuwar Kurmi a kwamfuta, kowane gini da tsayinsa, ka juya garin ka kalle shi ta gefen da ka ga dama, kuma ba don ado ba, so muke mu ga ina ruwan sama yake bi kafin ya faɗa rafin Jakara.

Hoto ɗaya ba ya ba ka tsayi, sai biyu ko uku na waje ɗaya da tauraron ya ɗauka daga kusurwa daban-daban a wucewa guda. Miƙa yatsanka ka rufe ido ɗaya ka sake da ɗayan, za ka ga yatsan yana tsalle fiye da bangon da ke bayansa, to da irin wannan tsallen manhajar take lissafa tsayin rufi. Hotunan kyauta irin na tauraron Sentinel-2 kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a ƙasa, gidan mutum har da zaure sai ya shige ɗigo biyu. NigeriaSat-2 namu da aka harba a 2011 mita 2.5 ne, shi ma bai kai ba. Mu na Pléiades muka samu, na Faransa, santimita 50, kuma kuɗi ne ba na wasa ba, ba don masu ɗaukar nauyin aikin ba ni ko kusa. Lokacin ɗauka ma sai ka kula, damina gajimare, hunturu hazo, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ne sama take washewa.

Da manhajar Ames Stereo Pipeline ta NASA na haɗa hotunan, kyauta ce. Sai dai ka yanka hoton ƙanana ƙanana, in ba haka ba laftof ta yi ta huci ana ɗauke wuta ka koma farko.

Da sakamakon ya fito Dutsen Dala ya tashi ras, katangar Gidan Rumfa ta fito, manyan tituna lafiya lau, har na fara murna. Da na shiga cikin unguwa sai jikina ya yi sanyi. Lungun da mutum biyu da ƙyar suke giftawa tauraron ba ya ganin ƙasansa tunda a karkace yake kallo, sai manhajar ta cike wajen, unguwa guda ta zama dandamali ɗaya ba ƙofa ba hanya, alhali fa ta waɗannan lungunan ruwan da muke nema yake bi. Sabon kwano kuma a hoto ɗaya ya yi fari fat saboda rana a ɗayan ya yi duhu, manhajar ta kasa gane abu ɗaya ne, sai ka ga rami a tsakiyar rufi ko shago ɗan ƙarami ya zama bene mai hawa goma. Soron ƙasa launinsa ɗaya da ƙasan da ke gefensa. Darbejiya ta zama gini. Kududdufi kuwa shirme kawai yake fitarwa.

Dabarar da ta fisshe ni, na ɗauko zanen gidaje na Open Buildings da Google ta saki a 2021 da na OpenStreetMap, taswirar kyauta ta intanet, na ɗora a manhajar taswira ta QGIS, cikin kowane zane na ɗauki tsayin da ya faɗo tsakiya in an jera su, ba wanda ake tarawa a raba ba, don ƙololuwar ƙarya ɗaya ta isa ta ɓata lissafi. Amma zanen nan bai san gidan Bahaushe ba, yakan haɗe ɗakuna da tsakar gida ya mai da su kwali ɗaya, dole da hannu na bi na sake zanawa, nan ne rabin lokacin ya tafi. Tsohuwar taswirar safiyo kuma a tsohon ma'aunin taswirar Najeriya take, wato na Minna, hoton kuma yana kan ma'aunin GPS da ake kira WGS84, in ba ka daidaita su ba sai titi ya hau kan gidaje.

Lungunan kam da ƙafa muka bi su, da GPS da tef, bayan mun gaida mai unguwa mun faɗi abin da ke tafe da mu. Wani dattijo ya ja ni ya nuna min shatin ruwa a jikin katangarsa, ya kai gwiwa, ya ce ɗana tun da aka cike kududdufin can aka yi gini ruwan ya dawo nan. A garin da na tada a kwamfuta wajen tudu ne sumul. Yanzu tsayin gine-gine na tauraro nake barin shi, ƙasan lungu kuwa awon ƙafa nake sakawa, kuma ɓangaren Kurmi har yanzu ba mu gama bi ba.