Danna sau biyu

Asabar. Wuta tun asuba, har Umma tana cewa ƙila mantawa suka yi da mu. Na ce to yau dai sai an gama da kwamfutar Baba. Tun da Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro ranar 14 ga Oktoban 2025 nake ta gobe-jibi, ga na'urar ta tsufa, ba ta da TPM 2.0, ɗan abin tsaron nan na cikin kwamfuta da Windows 11 ke nema. Na kwashe takardunsa a filashi, na ɗora Linux Mint, wata manhajar da ke maye gurbin Windows. Kafin a sauke koko an gama.

Na zaɓi Mint ne don maɓallin menu yana ƙasa daga hagu, inda aka saba ganinsa tun Windows 95. Kusurwa tana da daɗin kamawa: ko wurga linzamin kwamfutar (mouse) ka yi, kibiyar a can za ta tsaya, ba ta da wurin wucewa. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Fitts, ya nuna cewa abu in ya yi ƙanƙanta kuma ya yi nisa, hannu na daɗewa kafin ya same shi. Na ƙara girman rubutu, na sa masa madannan Hausa saboda ɓ da ɗ da ƙ. Ina ta jin kaina, har da ɗan fito.

Sai Baba ya zo gwaji, ya gyara tabarau, ya nufi foldar rahoton kwamitin masallaci. Ya danna, ya sake dannawa. Foldar ba ta buɗe ba, sai ma ta ɗan gusa gefe. Ya sake. Ta sake gusawa.

"Ka gani ko? Tsufa ne. Hannun ba ya jin magana."

"Baba, ku danna da sauri, kamar ƙwanƙwasa ƙofa."

"Haka ka ce bara. Haka ka ce bara waccan."

Bai faɗa da faɗa ba, dariya ma yake yi. Ni kuwa a karon farko na bar kallon allo na kalli hannun. Yatsan na rawa kaɗan. Tsakanin dannawar farko da ta biyu linzamin na zamewa, kamar faɗin ƙwayar gero. Ita kuma kwamfuta sharaɗinta biyu: a danna sau biyun cikin kusan rabin sakan, kuma kada kibiyar ta motsa. In ta motsa yatsa na kan maɓalli, sai ta ɗauka jan abin kake son yi. A tsohuwar manhajar ma, wato Windows, in ka yi jinkiri tsakanin dannawar a kan sunan fayil, sai ta buɗe maka wurin canza suna. Nan na gane asalin fayilolin da na gani ɗazu ina kwafa, masu suna "nnn" da "r" da ",,". Na ɗauka aikin Auta ne, har na yi niyyar ja masa kunne.

Na shiga saitin fayiloli na mayar da shi dannawa ɗaya. Na rage gudun kibiya, na ƙara mata girma. Bai kai minti biyu ba. Ya danna, ta buɗe. Ya rufe, ya sake dannawa, ta sake buɗewa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe dama ana iya haka?"

"Ana iyawa, Baba."

"A waccan ma?"

Na so in ce a'a. Amma zaɓin nan yana cikin Windows tun Windows 98, kuma na san da shi sarai. Na ce, "A waccan ma." Ya gyaɗa kai kawai, ya ce Allah ya yi albarka, ya kama buga rahotonsa da yatsa biyu.

Albarkar ce ta fi tsaya mini a rai. Shekara nawa yana kirana a waya, yana farawa da "ka yi haƙuri, na sake ɓata ta", ni kuma ina amsawa da muryar mai koyar da 'yan firamare. Mutumin da ya koya mini riƙe alƙalami, hannunsa a kan nawa, bai taɓa cewa in yi sauri ba.

La'asar: kasuwa, manja ya sake tashi. Mai gyaran babur ya ce Litinin. Ban yarda ba.

Bayan isha'i na koma ɗakin da filashin, ina buɗe fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya ina mayar musu da sunayensu. Wanda ake kira "r" lissafin kuɗin rufin masallaci ne, wanda ya ce mini ya ɓata, ya zauna ya sake rubuta shi da biro daga ka. Ina kan na bakwai aka ɗauke wuta.