Godiya bayan rufe koyon kiɗa da rawa na yaran unguwarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun rufe koyon kiɗa, rawa da waƙar gargajiya da muka shirya wa yara a dogon hutun nan, an taru lafiya an watse lafiya.

Godiya ta farko ga Baba, tsohon makaɗin mahautan kasuwarmu. Kowa ya san kiɗa gado ne, ba a saba koya wa ɗan wani gida ba. Amma Baba ya zaunar da ɗan tela da ɗan malamin makaranta a tabarma ɗaya da jikokinsa, bai bambanta ba. Bai yarda kowa ya taɓa kalangu da wuri ba, sai da hannu ya faɗa a kan kuntuku, wato ƙaramar gangar da ke raka kalangu. Daga nan ya nuna musu yadda ake rataya kalangu a kafaɗa, a matse tsirkiya a hammata murya ta hau, a sassauta ta sauka, har gula, wato sandar kiɗan, ta fitar da magana. Ranar rufewa wani yaro ya kaɗa taken mahauta, sai ga wani dattijon mahauci ya miƙe yana kirari, ya manna masa kuɗi a goshi. Baba dai ko murmushi bai yi ba, cewa ya yi yaron yana sauri. Allah Ya ƙara girma, Baba.

Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari. Ku kuka kawo ƙore, kuka kifa ƙwarya a kan ruwa kuka nuna wa ’yan mata yadda sautinta yake bambanta da wadda aka kifa a ƙasa. Inna da ta ba da waƙoƙin gaɗa kuwa, ta wahala da ’yan amshi, don yaran yanzu kunyar buɗe murya suke ji, amma a waya ba su da kunya.

Mun gode wa samarin da suka koyar da rawar Koroso, da wanda ya ara mana kacau-kacau na ƙafa.

Iyayen da suka yi jinkiri kafin su bar ’ya’yansu, mun fahimce ku, kuma mun cika alkawari: ana kiran salla ake ajiye gula, maza da mata kowa da lokacinsa. Maƙwabta, ku yafe mana hayaniyar la’asar. Mai unguwa, Allah Ya ja zamaninka, mun gode da filin.

Duk yaron da ya tafi gida da kalangun aro ya dawo da shi gidan Baba kafin Juma’a, kuma kada a jingina shi inda raɓa za ta taɓa fatar.