Mako ɗaya a tsibirin Man, shekarar 1992

A watan Yunin 1992, ina cikin shekarata ta biyu ta karatu a Ingila, wani abokin karatuna Bature wanda ba shi da zance sai na babur ya matsa mini in raka shi tsibirin Man kallon tseren da suke kira TT. Tsibirin yana tsakiyar teku tsakanin Ingila da Ailan, yana da majalisarsa mai suna Tynwald wadda take yi masa dokokinsa, kuma wannan ne ya ba shi damar rufe titunan jama'a domin tsere tun shekarar 1904, a lokacin da doka ba ta yarda da haka a Ingila ba. Na amince ne saboda darajar abota, ban san cewa bayan shekara talatin da ɗoriya zan riƙa jin ƙarar waɗannan babura a kunnena ba.

Ya goya ni a babur ɗinsa har tashar jiragen ruwa ta Heysham, inda muka tarar da layin babura iya ganin ido, wasu da lambar Jamus, wasu da ta Italiya ko Holan, kowanne an ɗaure masa tanti da jakar kwana a baya. A cikin jirgin ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna ɗaurewa da igiya don kada igiyar ruwa ta kayar da su. Mun yi kusan awa huɗu a kan teku kafin mu hango Douglas, babban birnin tsibirin, da dogon titinsa na bakin ruwa inda doki yake jan ƙaramin taragon fasinja. Masauki kuwa a gidan wata dattijuwa muka samu, domin a makon tsere otal-otal ba sa isar baƙi, sai mutanen gari su buɗe ɗakunansu. Da ta ji ba na cin naman alade, ba ta tsawaita tambaya ba, kullum da safe sai ta ajiye mini ƙwai da burodi da kifin da suke bandawa da hayaƙi.

Abin da ya fara girgiza ni shi ne hanyar kanta. Washegari abokina ya zagaya da ni ita gaba ɗaya, mil 37.73, wato kimanin kilomita 60, kuma babu wani abu a jikinta da ya bambanta ta da hanyar da mutum yake bi ya kai 'ya'yansa makaranta. Daga titin Glencrutchery ake tashi, a gangara Bray Hill tsakanin gidajen mutane, a ratsa ƙauyuka irin su Crosby da Kirk Michael, a shiga garin Ramsey, sannan a haura tsaunin Snaefell inda babu kowa sai tumaki da hazo, a sake gangarowa ta Creg-ny-Baa zuwa inda aka faro. A gefe akwai katangun dutse, da turakun fitila, da bishiyoyi, da ƙofofin gidaje waɗanda taku biyu ne tsakaninsu da kwalta. Kariyar da na gani ita ce damman ciyawa da aka jingina a wasu kusurwoyi. Ina riƙe da kugunsa ina tambayar kaina yadda ɗan Adam zai haddace kwanoni fiye da 200, ya san wadda zai shiga ba tare da ya sassauta maƙura ba.

Ranar Juma'a ce ranar babban tsere, wanda ake kira Senior, zagaye shida, mil 226. Muka yi sammako zuwa gadar Ballaugh tun kafin a rufe hanya, domin da zarar an rufe babu mai ƙetare kwalta sai an tashi. 'Yar ƙaramar gada ce mai doro a bakin ƙauye, kuma doron nan ne yake ɗaga babur sama, tayoyinsa biyu su rabu da ƙasa, ya dira ya wuce tsakanin gidaje. Muka sami wuri a bayan wata katanga kusa da wani tsoho ɗan tsibirin, wanda ya zo da kujerarsa ta naɗewa da butar shayi da ƙaramar rediyo da agogon ƙidayar daƙiƙa a rataye a wuyansa.

A wurin tsohon nan na fahimci tseren. Ba a sakin mahaya gaba ɗaya, ana sakin su ne bi da bi da tazarar daƙiƙa 10, saboda haka kowa da agogo yake tsere, kuma wanda ya fara wucewa ta gabanka ba lallai ne shi yake kan gaba ba. A ranar mutum biyu aka zuba wa ido. Carl Fogarty ɗan Ingila yana kan Yamaha da lamba 4, Steve Hislop ɗan Sikotlan kuma yana kan farin Norton da lamba 19. Duk lokacin da Fogarty ya tsallake gadar sai tsohon ya danna agogonsa, ya ƙura masa ido yana motsa leɓe, har sai farin babur ya ɓullo, sannan ya cire tazarar tashinsu ya faɗa mana wanda yake gaba kafin ma masu sharhin rediyo su faɗa. Sau da yawa bambancin bai wuce a ƙirga shi da yatsun hannu ba, kuma jagorancin ya yi ta sauya hannu.

Ƙarar Norton ɗin dabam take da ta sauran, domin injinsa ba mai fistin da ke hawa da sauka ba ne, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Tun yana nesa za ka ji shi kamar ana keta sabon yadi, jama'a su miƙe tsaye, sai ka ga walƙiyar fari a sama, iska ta bugi fuskarka, warin mai ya biyo baya. Tsakanin zagaye da zagaye kuma ƙauyen yakan yi tsit har ka ji kukan tsuntsaye da muryar rediyo daga kowace katanga. A zagayen ƙarshe Fogarty ya kafa sabon tarihi, ya kewaye tsibirin a kan matsakaicin gudun mil 123.61 a awa, cikin minti 18 da 'yan daƙiƙu, amma duk da haka Hislop ya riga shi da daƙiƙa 4.4. Rabon Norton da cin wannan tsere tun 1961, lokacin Mike Hailwood. Na ga tsohon nan ya cire tabarau yana share ido, ya ce yana nan a bakin hanya a waccan shekarar ma.

A makon ne kuma Joey Dunlop, ɗan Ailan ta Arewa mai rawayar hular kwano, ya ci nasararsa ta 14 a TT ya kamo Hailwood a yawan nasarori. Ban taɓa ganin mutumin da jama'a suke so irin yadda suke son sa ba, kuma dalilin da suke bayarwa shi ne rashin girman kansa, da yadda yake loda kayan agaji a motarsa ya tuƙa da kansa zuwa gidajen marayu a Romaniya. Ya kai nasara 26 kafin ya rasu a wani tseren titi a Tallinn ta ƙasar Estoniya a watan Yulin 2000. Hislop shi ma ya rasu a 2003, a haɗarin jirgi mai saukar ungulu. Wannan ɓangaren yana damuna har yau, domin mahayan da suka rasa rayukansu a kan wannan hanya sun haura 250, kuma saboda haɗarinta ne aka cire ta daga gasar duniya bayan 1976. Na yi tafi tare da kowa a ranar, amma duk babur da ya tashi sama a kan gadar sai na ji bakina yana ambaton Allah har ya dira.

Da aka tashi, motar jami'ai ta zagayo ta sanar da buɗe hanya, jama'a suka kwararo kan kwalta. Na nemi gefen wata gona na shimfiɗa rigar sanyina na haɗa Azahar da La'asar ƙasaru, tsohon kuma ya tsaya yana tsare mini jaka har na sallame. Daga nan muka taka zuwa kan gadar, inda yara suka durƙusa suna shafa baƙin sawun da tayoyi suka bari a wurin dira. Ba a jima ba wata mata ta fito da ƙaramar motarta daga gidan da ke daura da gadar, ta jira muka ba ta hanya, ta haye doron a hankali ta nufi kanti.