Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan lalurar ɗiyarmu

Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga ma'aikatan lafiya da 'yan'uwa da abokan arziki, domin a wannan makon ɗiyarmu ta taka da ƙafafunta daga ɗaki har bakin ƙofa, tana riƙe da keken koyon tafiya, babu wanda ya tallafe ta. Waɗanda suka san ta tun lokacin da ko zama ba ta iya yi sai an kewaye ta da matasai, su ne za su gane nauyin wannan labari.

An haife ta bakwaini, kuma daga baya likitoci suka tabbatar mana cewa tana da lalurar nan da ke taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, wadda ake samu a kusan yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000. Sun bayyana mana cewa raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma naman ƙafafunta yana ɗaurewa, kuma idan aka bar shi haka ƙashi zai ci gaba da tsawo naman bai bi shi ba, har gaɓoɓi su ƙage. Wannan bayani ne ya sa muka riƙe gashin ƙashi da hannu biyu.

Babbar godiyarmu ga likitar fisiyo ce, wato likitar gashin ƙashi, wadda tun farko ta faɗa mana cewa ɗan lokacin da take yi da yarinyar a asibiti ba zai wadatar ba, aikin yana hannunmu a gida. Ta zaunar da mu ta koya mana yadda ake miƙar da dunduniya da bayan cinya a hankali ba tare da fizga ba, da yadda za mu goya ta ƙafafu a ware domin kada su riƙa harɗewa, da yadda za mu sa abin wasa a ɗan nesa domin ta miƙa hannu, ta juya, ta rarrafa da kanta. Ba ta taɓa yi mana alƙawarin abin da ba ta da tabbas a kansa ba, kuma a ganina wannan gaskiyar tata ta fi kowane irin lallami amfani a gare mu. Likita, Allah ya saka miki da alheri, ya albarkaci zuri'arki.

Muna kuma godiya ga mai haɗa takalmin gyaran ƙafa, wanda ya auna ƙafarta, ya gyara takalmin sau da dama ba tare da gajiya ba, ya kuma gargaɗe mu da mu riƙa duba fatarta duk lokacin da aka cire shi, domin jan da ya daɗe bai baje ba alama ce ta cewa yana matsa ta. Shi da likitar ne suka zaɓa mata keken koyon tafiyar da yaro yake ja ta bayansa maimakon wanda ake turawa a gaba, saboda yana sa yaro ya miƙe sosai ya daina duƙawa.

Game da keken guragu kuwa, wasu masoyanmu sun ji tsoron zai sa ta kasala ta ƙi tafiya. Abin da muka gani ya saɓa wa haka, domin da shi take isa wurin sauran yara ba ta galabaita ba, kuma ganinsu ne yake ƙara mata sha'awar miƙewa.

Ga waɗanda suka haɗa hannu aka sayi waɗannan kayan, har da waɗanda suka roƙe mu kada mu ambace su, ba mu da bakin gode muku. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na shekarar 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 1 da ke buƙatar irin waɗannan kayan tallafi ba sa samunsu, kuma da ba don ku ba, da ɗiyarmu tana cikinsu. Kakanninta da yayyenta da maƙwabta da suka riƙe mana gida a ranakun asibiti, Allah ya bar zumunci.

Har yanzu da sauran aiki, domin za a ci gaba da ɗaukar hoton ƙugunta lokaci lokaci don a tabbatar ƙashin bai goce ba, kuma takalmin zai buƙaci sauyi yayin da take girma, don haka muna roƙon ku ci gaba da sa ta a addu'a. Abin tsayuwar da ta fara amfani da shi, wato wanda ke tallafe yaro ya tsaya a miƙe, ya yi mata kaɗan kuma yana nan lafiya ƙalau. Duk iyayen da ɗansu yake buƙatarsa su yi mana magana, sai dai muna roƙon su fara kai yaron likitan fisiyo ya auna shi, ya tabbatar zai dace da jikinsa.